Guzurin tafiya Yankari da yara: me zan riƙe wanda ba zai lalace ba?

Tambayar da kika yi ita ce, ke da maigida da yara uku da ƙanwarki za ku tashi daga Kano zuwa Yankari in an yi hutu, kwana biyu za ku yi, autan shekararsa uku, kina son abin riƙewa mara wahala, kuma kin yi tunanin ki dafa jalof da soyayyar kaza ki zuba a kula ku dinga ci har ku dawo.

Toh ƙanwata, Allah ya kai ku lafiya, amma maganar jalof ɗin nan dan Allah ki ajiye ta gefe tukunna. Ni haɗa guzuri sana'ata ce, na ɗalibai masu komawa makaranta da na alhazai da na direbobin dogon zango, kuma abu na farko da nake dubawa a kowane abinci kafin in ce ya shiga jaka shi ne ruwan da ke jikinsa. In yana da lema, abincin awa biyu ne. In ya bushe ƙayau, shi ne guzuri. Duk sauran bayanin da zan miki a kan wannan yake zaune.

Kinga ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci abu biyu suke nema, danshi da ɗumi. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin salshiyos nan suka fi hayayyafa, wasunsu cikin minti 20 sun ninka kansu, shi ya sa masana tsaftar abinci suke cewa dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 ma awa 1 ne. Yanzu ki tuna zafin Bauchi a watan Maris da Afrilu da yake kai wa 40, ki tuna kuma but ɗin mota ya fi waje zafi. Kular da muke yarda da ita tana riƙe zafi na wasu awanni ne kawai, daga nan sai abincin ya koma ɗumi-ɗumi, ga gumi ya taru a murfi yana ɗiga ciki. Ita shinkafa ma tata matsalar daban ce, akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe 'ya'yanta, in shinkafar ta jima a ɗumi sai su farka su zuba guba, kuma gubar nan ko kin sake ɗumamawa ba ta mutuwa, wani lokacin ma ba wari ba yauƙi, kin ci kin ji daɗi sai bayan awa biyu uku amai ya taso. A cikin daji, da yaro ɗan shekara uku, daga ƙofar shiga gandun dajin zuwa sansanin Wikki inda masaukin baƙi yake kaɗai ya haura kilomita 40, garin Bauchi kuma ya fi kilomita 100, wallahi ba wurin da za ki so a fara gudawa ba ne.

Ban ce kar ki dafa komai ba. Ki dafa jalof ɗinki da asuba, daidai cin mutum shida sau ɗaya, ki zuba da zafinta a kula, ku tsaya wajen Birnin Kudu ko Ningi ku cinye ta tas a matsayin karin kumallo, a wanke kular. Dafaffen ƙwai ma haka, a wannan zaman za a ci shi, kuma kar ki ɓare shi daga gida. Alala, awara, ɗanwake, dafaffiyar gurjiya, kwaɗon zogale, masa da miya, duk layinsu ɗaya, na safiyar farko ne ko kuma a bar su a gida. Alala ma ni ba na ba da shawararta sam, wake da mai da lema a ƙulle cikin leda, kafin azahar ta fara yauƙi.

Daga wannan zaman kuma sai busassun kaya su karɓi aiki.

Dambun nama shi ne babba a wajena, don shi ne zai tsaya miki a madadin kazar nan, yara suna sonsa, ana cinsa da burodi, da gurasa, da garin kwaki, ko a zuba a tafin hannu a ci haka. Amma yawancin dambun da ke lalacewa a hanya tun a tukunya aka ɓata shi. Ki sa mahauci ya ba ki tsoka zalla, cinya ta fi, a cire kitse da jijiya, kilo biyu zai ishe ku, ki sani in ya gama soyuwa ba zai kai rabin nauyinsa ba. Ki dafa da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri da dunƙule, ruwa ɗan daidai, har ruwan ya tsotse naman ya yi laushi yana rabuwa da kansa. Ki daka a turmi tun da zafinsa. Wajen suya ne ake haƙuri, mai kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa, hannunki kar ya bar juyawa. Da farko za ki ji yana cuwww yana kumfa, ruwan jikinsa ne ke fita, ki ci gaba har kumfar ta ɗauke, ƙarar ta koma sayau-sayau, in kin ɗaga da matsami yana zuba warwar kamar yashi ba ya dunƙulewa. Yajin da za ki sa busasshe ne, garin barkono da masoro da kanumfari, ɗanyen attaruhu da ɗanyar albasa a ƙarshen suya su ne suke mayar masa da ruwan da kika sha wahalar kora. Sai ki baza a faranti a kan tishu ya huce sarai, ba wai ya yi ɗumi ba, ya huce har ki sa hannu tsakiyarsa ki ji sanyi, sannan ki rufe. In kika rufe da sauran zafi gumi zai kwanta a murfi, kwana biyu kin ga farin fumfuna. Wanda aka yi haka yana yin makonni ba firji, muddin ba a sa masa jiƙaƙƙen cokali ko hannun yaro da ya fito daga baki ba, shi ya sa nake cewa ki raba shi ƙananan robobi uku ko huɗu maimakon babba ɗaya da za a dinga buɗewa ana rufewa.

In ba ki da lokacin dambu, kilishi ya wadatar. Ki saya wajen wanda kika sani, ki ce a sake gasa miki a gabanki, ki karya ki gani, mai kyau yana karyewa ne, wanda ke lanƙwasawa yana danƙo a hannu bai gama bushewa ba. Kuma ki ƙi na cikin jarida ko takardar buhun siminti, mai yana jan tawada ya shiga naman, ki tafi da robarki ko farar takarda. Abu ɗaya da kilishi shi ne ƙishirwa, ga gishiri ga yaji, to ki ajiye shi sai kun sauka da yamma, ba a tsakar rana cikin mota ba, in maigida yana da hawan jini kuma ya ɗan taɓa kawai.

Sai dabino da gyaɗa, waɗannan biyun ko su kaɗai kika riƙe da ruwa ba wanda zai kwana da yunwa. Giram 100 na dabino yana ba da kalori wajen 280, kusan duk sukari ne mai saurin shiga jiki, giram 100 na gyaɗa kuma ya haura kalori 560 ga furotin wajen giram 25, ita ce mai zama a ciki ta riƙe mutum. In an haɗa su, dabino ya tashe ka yanzu, gyaɗa ta kai ka gaba. Ba yau aka gano wannan ba, ayarin Buzaye masu tsallaka hamadar Tenere zuwa Bilma da Fachi a Nijar ɗauko gishiri da gero da dabino da cuku suke tafiyar makonni, a daka a dama da ruwa a sha, ba wanda yake ɗaukar miya. Ki sayi busasshen dabino mai tauri irin na Agadas ko namu na Dutse, ba mai laushin nan na kwali da ke narkewa yana kiran tururuwa ba, ki tsaga kaɗan ki duba ciki saboda tsutsa. Gyaɗa kuma ki zauna ki tsince ta da kanki kafin suya, duk wadda ta yanƙwane ko ta yi baƙi ko kore-kore ki zubar, wannan fumfunar tana ɗauke da guba mai lahanta hanta kuma suya ba ta kawar da ita. Ki soya da yashi ko a kasko, ki murje, ki zuba a busasshiyar gorar ruwa mai murfi, ta fi leda nesa ba kusa ba, ba ta fashewa in an danne ta kuma ana tsiyayowa a hannu ba sai an tsoma yatsu ba.

Amma fa ki ji wannan da kyau saboda autanki. Yaro ƙasa da shekara 5 ba a ba shi gyaɗa guda-guda, ko aya, ko gugguru, ko alawa mai tauri, balle a mota tana tafiya. Rami ɗaya direba zai faɗa ko ya taka birki, ƙwayar ta wuce hanyar numfashi, kuma yaron da ya shaƙe sosai ba ya iya kuka balle ki ji daga gaba. Nasa guzurin daban ki haɗa, daƙuwa mara yaji a marmasa masa, burodi, dambu mai laushin daka, dabino a cire ƙwallon a yayyanka tsaye, ayaba a ranar farko. In zai ci a tsaya, ko aƙalla ƙanwarki tana gefensa tana kallon bakinsa.

Ƙuli-ƙuli kar ya bar jakarki, ko na Bida mai siriri ko namu mai dunƙule, yana wata bai ce komai ba. Ki daka wani ki yi yajin ƙuli, don da shi da gurasa da 'yar gorar man gyaɗa da albasa guda kin haɗa bandashe a ɗaki cikin minti biyar, a yayyafa wa gurasar ruwa a barbaɗa a ci. Ita gurasa tana kai kwana biyu lafiya in kin bar ta ta sha iska kafin ki naɗe, a cikin tsumma mai tsafta ta fi daɗewa, leda tana sa ta gumi. Garin kwaki ma ki riƙe rabin mudu da sukari da madarar gari a ƙulle daban-daban, abinda kawai zan ce ki sayi wanda aka adana a rufe, in da hali ki ɗan sake soya shi sama-sama a kasko, saboda garin da ake shanyawa a bakin titi ɓera yana bi ta kai kuma ta nan zazzaɓin Lassa ke samun hanya.

Kayan zaƙi ba sai na daɗe a kansu ba, kin fi ni sanin abinda yaranki ke so. Cincin da aka soya ya bushe har ciki, gireba, dubulan, kantun riɗi, alkaki, nakiya in akwai ragowar ta biki don ita watanni take yi. Tuwon madara da gullisuwa su ma suna tafiya amma ki sa su a roba mai tauri. Cakulan ki manta da shi, kafin Wudil ya zama kunu a jikin kujera. Ni dai ra'ayina zaƙin kar ya yi yawa, yaro in ya cika ciki da cincin da lemon kwalba sai ƙishirwa da rigima, bayan awa ɗaya kuma ya ce yunwa yake ji.

'Ya'yan itace ki zaɓi masu rigarsu, lemon zaƙi, goba, tuffa, yalo, karas, gurji. Ki wanke a gida ki goge su bushe, kar ki yanka sai lokacin ci, ki tafi da 'yar wuƙa. Kankana in za ki ɗauka ki ɗauke ta guda, ranar da aka fasa a shanye, yankakkiyar da ake sayarwa a leda a tasha kuwa ki kau da kai, ba ki san wuƙar ba, ba ki san ruwan da aka yayyafa mata ba, ba ki san tun yaushe take rana ba. Goriba da magarya da aduwa suna da daɗin ɗebe kewa ga manya, ba sa lalacewa kuma.

Yanzu ruwa, wanda a gaskiya ya fi duk abinda na lissafa muhimmanci, tunda busasshen abinci ruwa yake nema. A zafin nan ki ƙiyasta wa kowane babba lita 3 a rana, yara rabin haka ko fiye, ki ƙara na wanke hannu. Dabarar da nake ba kowa ita ce ki sa rabin gorunan a firiza kwana biyu kafin tafiya su zama ƙanƙara, kar ki cika su fal don kar su fashe, ki jera a kula ki rufa tawul, suna narkewa kuna sha, kuma su ne za su sanyaya miki lemo da karas. Kunun aya kar ki soma, awa kaɗan yake yi a zafi ya yi tsami gorar ta kumbura. Zoɓo in kin daskarar da shi zai kai ku ranar farko. Fura da nonon hanya ina sonsu amma ba da ƙaramin yaro a tafiya ba, gara ki busar da furarki a gida ki mayar da ita gari, a can ki dama da madarar gari da ruwan gora, ko ki riƙe garin 'ya'yan kuka, ba na miya ba, ki kaɗa da madara da sukari, yara suna shanyewa. Fulas ɗin ruwan zafi guda da ganyen shayi zai rufa miki asiri da asuba kafin ku fita zagayen ganin dabbobi. Sannan ki shiga kemis ki sayi ƙullin gishiri da sukarin nan na ORS guda huɗu ko biyar ki jefa a jaka, in babu kuma haɗin gida shi ne lita 1 na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. In yaro ya fara gudawa ko amai a fara ba shi kaɗan-kaɗan nan take, in idonsa ya faɗa ko ya daina fitsari ko ya yi laushi kuma ba zama, a nemi asibiti.

In cikin yaran akwai mai amai a mota, kar ki ba shi maiƙo ko madara kafin ku tashi, busasshen burodi ko biskit mara zaƙi ya isa, ki zaunar da shi inda zai ga hanya iska na shigowa, waya kuma a karɓe. Babba zai iya tauna 'yar citta. Shi kuma maigida in shi ne a sitiyari kar ki cika shi da abinci mai nauyi da rana, barci yake kawowa, ki dinga miƙa masa aya da gyaɗa da ruwa jifa-jifa. Goro yana taimakawa amma ba ya biyan bashin barci, in ya fara hamma a faka a huta. In akwai mai ciwon suga a cikinku dabino uku su zauna a aljihunsa ba a but ba, saboda in sugan ya faɗi a hanya.

Wajen shiryawa, jaka biyu za ki yi. Ƙarama tana gabanki da abin cin hanya na ranar, babba tana baya ba a taɓa ta sai an sauka. Kowane yaro ki ƙulla masa nasa a 'yar leda ko roba, wannan kaɗai ya kashe rabin faɗan bayan mota. Yaji da mai ki ninka musu leda. Sabulu ɗan guntu, buta, tishu, cokula, da baƙar leda babba ta shara, dan Allah kar a jefa komai ta taga, balle a cikin gandun, dabbobi suna haɗiye leda tana kashe su.

Sai maganar birai, kar ki ɗauka wasa nake. Gwaggon biran sansanin Wikki sun saba da mutane sun kuma san leda, suna ganin yaro riƙe da ita za su nufo shi kai tsaye su fizge, suna shiga mota in an bar gilashi a buɗe, suna shiga ɗaki in ba a kulle ƙofa ba, ga gadu ma suna yawo a tsakar wurin suna kiwo. Don haka ci a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, in za ku gangara wanka a ruwan ɗumin nan da yake zaune a wajen digiri 31 rani da damina to ku ci kafin ku fita, abinda za ki riƙe ki sa a jaka mai zif ba leda mai ƙara ba, kuma wani ya zauna da kayan. Ki ja wa yaran kunne kar su miƙa wa biri komai, in ya ƙwace kuma a bar masa, kar a bi shi kar a yi kokawa da shi, cizonsa sai an dangana da allurai.

Da yake kin ce wataƙila ƙanwar taki ta wuce karatu waje bayan hutun, kar ta ɗauka wannan lissafin zai bi ta jirgi. Amurka da Ingila ba sa barin matafiyi ya shiga da nama daga nan, kilishi da dambu duk a ciki, ƙwacewa ake yi, wanda ya ɓoye bai bayyana ba kuma yana iya cin tara. Masu zuwa Saudiyya ma hukumar alhazai kullum tana gargaɗi a kan goro. In lokacin ya zo ta duba dokar ƙasar da za ta kafin a kashe kuɗin nama.

Na ku na Yankari dai, dambun ki yi shi kwana biyu kafin tafiya don ya samu ya huce da kyau, cincin da gyaɗa ma ranar, gurasa da 'ya'yan itace ki saya ana gobe tafiya da yamma, gorunan ƙanƙara kuma su ne na ƙarshen fitowa daga firiza, sai an tada mota.